Ƙofar ɗakin matuƙin jirgi ta fi bindiga tsare fasinja

Duk wanda ya taɓa hawa jirgin sama ya san abin da ake yi a wurin bincike. A karɓe ruwan robarka, a sa ka fito da kwamfuta daga jaka, ko ɗan almakashi sai an yi ta duba shi. Amma a Amurka akwai jiragen fasinja da matuƙinsu ke zaune da bindiga mai harsashi a gefensa, kuma doka ce ta ba shi dama. Fiye da shekara 20 ke nan ana muhawara a kan wannan tsari. A ganina, bai kamata a bar matuƙi ya riƙe bindiga ba.

Abin ya samo asali ne daga harin 11 ga Satumba 2001, lokacin da mutum 19 ɗauke da wuƙaƙe suka ƙwace jirage huɗu, suka kutsa ɗakin matuƙa, aka rasa rayuka kusan 3,000. A 2002 majalisar dokokin Amurka ta amince a ba matuƙa makami, a 2003 kuma rukunin farko ya kammala horo a shirin da ake kira FFDO, ƙarƙashin hukumar tsaron sufuri ta TSA. Matuƙi ne ke neman shiga da kansa, a tantance shi, a ba shi horon kusan mako guda. Ikonsa kuma bai wuce kare ɗakin matuƙi ba.

Masu goyon bayan shirin suna da hujja mai nauyi. Sun ce ba zai yiwu a sa jami'in tsaro cikin farin kaya a kowane jirgi ba, amma kowane jirgi yana da matuƙi. Sun kuma yi gaskiya da suka ce abin da ake nunawa a fim, wai harsashi ɗaya ya huda jirgi iska ta zuƙe kowa waje, ba haka yake ba. Jirgi yana da na'urar daidaita matsin iska, mai bawul da ke sakin iska waje a kowane lokaci. Idan aka sami ƙaramar huda, sai bawul ɗin ya ɗan ƙara rufewa ya cike giɓin.

To amma matsalar da aka ɗauko bindiga dominta, fasaha ta riga ta magance mafi yawanta. Tun 2003 aka wajabta wa manyan jiragen fasinja ƙofar ɗakin matuƙi mai jure harsashin ƙaramar bindiga da bugun mai son ɓalle ta. A jirgin Airbus A320, alal misali, makullin na lantarki ne. Ma'aikacin jirgi zai danna lamba daga waje, ƙararrawa ta buga a ciki, matuƙi ya duba ko wane ne, sannan ya buɗe ko ya hana. Akwai lambar gaggawa domin ranar da matuƙan suka suma, amma ko ita matuƙin da ke cikin hayyacinsa yana iya toshe ta na wasu mintoci. Kamar makullin wayarka ne: idan yana da ƙarfi, ɓarawo bai ma kai ga abin da ke ciki ba.

Ƙofar nan tana hana na waje shiga. Ba ta iya yin komai game da wanda ke ciki, kuma a cikin ne ake ajiye bindigar. A watan Maris 2008, bindigar wani matuƙin US Airways ta tashi bisa kuskure yayin da jirgin, wanda ya taso daga Denver, ke shirin sauka a Charlotte. Harsashin ya huda jikin jirgin. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni, amma ɗakin matuƙi cike yake da allunan kwamfuta da wayoyin lantarki, ga mutum biyu kafaɗa da kafaɗa. A 2023 kuma aka gurfanar da wani mataimakin matuƙi a Amurka, wanda ke da izinin riƙe bindiga a ƙarƙashin wannan shirin, bisa zargin ya yi wa kyaftin ɗinsa barazanar harbi saboda saɓani kan karkatar da jirgi domin wani fasinja marar lafiya.

Mafi muni shi ne abin da ya sami jirgin Germanwings a ranar 24 ga Maris 2015. Kyaftin ya fita, mataimakinsa ya kulle ƙofa daga ciki, ya nufi tsaunukan Faransa da jirgin da gangan. Mutum 150 suka mutu. Babu bindiga a wannan jirgin, amma ya nuna cewa matuƙi ma ɗan Adam ne, yana iya shiga damuwa ko ciwon ƙwaƙwalwa ya ɓoye. Da ɗan gari akan ci gari. Idan irin wannan mutumin yana da bindiga, ba sai ya jira abokin aikinsa ya fita ba.

Sauran barazanar da ke tasowa daga wurin zaman fasinja kuwa, bindigar matuƙi ba ta kai gare su. A ranar 25 ga Disamba 2009, Umar Farouk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam da ya ɓoye a kamfansa a jirgin Amsterdam zuwa Detroit. Fasinjoji da ma'aikatan jirgi ne suka danne shi. Haka aka yi wa Richard Reid mai bam a takalmi a Disamban 2001. A irin wannan hali aikin matuƙi shi ne ya bar ƙofa a kulle, ya sanar da hasumiyar filin jirgi, ya sauka da wuri. Hannun da ke riƙe da bindiga ba shi ke tuƙi ba.

Gaskiya ne ƙofar tana da rauni guda: 'yan daƙiƙun da ake buɗe ta idan matuƙi zai zagaya ko za a miƙa masa abinci. Maganin wannan shinge na biyu ne, wanda ake ja a rufe hanya kafin a buɗe babbar ƙofa, kuma a 2023 hukumar kula da sufurin sama ta Amurka, FAA, ta fitar da dokar sa shi a sababbin jiragen fasinja. Nan ya kamata kuɗi ya tafi. A haɗa da ingantattun na'urorin binciken kaya, da tsarin da zai ba matuƙi damar faɗin yana cikin damuwa ba tare da fargabar rasa aikinsa ba.

Duk ƙasar da ke tunanin kwaikwayon Amurka a wannan, ta fara da ƙofa da shinge da lafiyar matuƙanta. Fasinjan da ya miƙa ruwan robarsa a wurin bincike ya cancanci ya hau jirgin da babu bindiga a ɗakin matuƙinsa.