Filin Sana'a: Kwamfutar Tebur Za Ta Iya Riƙe Lissafin Shago Duka?

A wannan wata shago za mu shiga.

A ce maigida da uwargida suna da shagon magani, ko na kayan gini, ko na kayan masarufi. Da fari littafi ɗaya da biro sun ishe su. Sannu a hankali ciniki ya buɗe. Yanzu ga yaro a kanta yana yanka rasit, ga wani a sito yana karɓar kaya, uwargida kuwa tana ɗakin ciki tana duba shiga da fita. Aka sayo manhajar lissafin kasuwanci, aka sayo kwamfuta uku. To, kwamfuta uku ne, amma lissafi dole ya zama ɗaya. In yaron kanta ya sayar da buhu goma na siminti, ya kamata nan take mai sito ya ga goma sun ragu, uwargida kuma ta ga kuɗinsu sun shigo. Hakan ba ya yiwuwa sai an tara lissafin duka a cikin kwamfuta guda, sauran su riƙa zuwa wurinta ta waya suna karantawa suna rubutawa. Wannan kwamfuta ita ake kira uwar garke. Masu gyara kuwa saba suke ce mata.

Nan ne tambaya takan taso. Wani zai ce sai an sayi inji na musamman wanda aka ƙera domin wannan aiki, mai tsada ƙwarai. Wani kuma zai ce kwamfutar tebur da ke shagon ma ta isa. Wanne ne gaskiya?

A ganina, ga shagon da ma'aikatansa ba su wuce biyar ko shida ba, kwamfutar tebur mai lafiya ta isa. Lissafin ƙaramin shago ba kaya mai nauyi ba ne. Fim ɗaya da yara ke kallo ya kan fi lissafin shekara guda cin wuri. Masu manhajojin ma sun san da haka. Kamfanin Tally na ƙasar Indiya yana da lasisi iri biyu, Silver na mutum ɗaya da Gold na mutane da yawa a wuri ɗaya. QuickBooks na kamfanin Intuit da ke Amurka yana da wata ƙaramar manhaja da ake sa wa kwamfutar da ke riƙe da lissafin, domin ta raba wa sauran. Sage 50, wadda tsofaffin akawu suka sani da sunan Peachtree, ita ma tana aiki haka. Sai dai Windows irin ta tebur tana da iyaka: tun daga Windows 7 ta 2009, na'urori 20 ne kaɗai aka yarda su haɗu da ita a lokaci ɗaya domin ɗaukar fayil. Wanda shagonsa ya kusa kai wannan adadi, ya riga ya wuce wannan magana tamu.

Me injin na musamman ya fi ta da shi? Ba sauri ba ne sosai. An ƙera shi ne domin ya kwana ya wuni a kunne shekara da shekaru. Yawancinsu suna da faifan ajiya biyu ko fiye masu rubuta abu ɗaya tare, in ɗaya ya mutu ɗaya ya ci gaba. Waɗansu suna da abin karɓar wuta biyu. Ƙwaƙwalwarsu kuma tana gyara ƙananan kurakurai da kanta. Kwamfutar tebur ba ta da waɗannan. Abin da ta rasa, mai ita ne zai cike shi da kula.

Kulawar kuwa daga nan take farawa: ranar da kwamfuta ta zama uwar garke, ta daina zama kwamfutar gida. Ku tuna yadda iyayenmu 'yan kasuwa suke yi da littafin bashi. Ba a ba yaro shi ya yi zane, ba a ɗora kofin shayi a kansa, ba a ba maƙwabci aronsa. Wannan kwamfuta ita ce littafin nan yanzu. Amma sau da yawa za ka ga ita ce mafi kyau a shagon, saboda haka ita kowa yake so. Yara sun taso daga makaranta, a kanta za su yi aikin gida su kalli fim. Ɗan'uwa ya zo da filash zai buga takarda ɗaya tak. Yaron shago ya soka wayarsa a jikinta yana caji. Kowane ɗayan waɗannan ƙofa ce ta ƙwayar cuta, kuma ko ba cuta, wanda ya gama abinsa sai ya kashe ta kamar yadda aka koya masa, ga mai saye tsaye a kanta yana jiran rasit. Gara a sa ta a ɗakin ciki, a kan tebur ba a ƙasa ba, inda iska ke shiga, a ba yara wata. Da hunturu kuma a riƙa buɗe ta ana hure ƙura, gama ƙura tana toshe fanka, zafi kuwa yana rage kwanan inji.

Bari in daɗe kaɗan a kan maganar wuta, domin ita ce ta fi cin mutane. Sa'ad da yaro ya danna cewa an sayar da kaya, ba abu ɗaya manhajar take rubutawa ba. Za ta rage kayan daga sito, ta ƙara kuɗin a aljihun kanta, in bashi ne ta rubuta a sunan mai bashin, sa'an nan ta ba rasit lamba. Duka wannan cikin ƙiftawar ido ne. Amma in aka ɗauke wuta daidai tsakiyar rubutun, ana iya samun rabi ya shiga rabi bai shiga ba. Manhajoji masu kyau sukan soke rabin nan in an sake kunnawa, su koma yadda suke. Ba kullum abin yake ƙarewa lafiya ba. Wani lokaci fayil ɗin ne yake lalacewa ya ƙi buɗuwa sam. Wani lokaci kuma, wanda ya fi muni, ya buɗu kamar ba abin da ya faru, sai bayan makonni a ga lissafi ya ƙi daidaita. Daga nan a fara kallon yaron kanta da wani ido, alhali kuwa bai taɓa ko kwabo ba.

Maganin wannan shi ne akwatin batir ɗin nan da ake ce wa UPS. Kada ku ɗauka an yi shi domin a ci gaba da ciniki. Ƙaramin yakan riƙe mintoci kaɗan ne, wato daidai a tada janareta ko a rufe manhaja a kashe cikin tsanaki. Mai inbata ko sola ya fi samun sauƙi. Abu biyu mutane suke mantawa. Na fari, akwatin da wayoyin kwamfutocin suke haɗuwa a cikinsa, wato rauta ko suwic, shi ma sai an jona shi a batir. In shi ya mutu, uwar garke tana kunne amma ba mai iya kaiwa gare ta, rubutu ya yanke ke nan. Na biyu, batirin UPS yana tsufa, musamman a ƙasa mai zafi. Wata rana bayan an tashi daga ciniki, a rufe manhajar, a zare wayarsa daga bango a ga ko zai riƙe. Gara a gane ya mutu da gangan.

Akwai ƙananan gyare-gyare da mai haɗa muku zai yi, ku tabbata ya yi su a gabanku. A hana uwar garke yin barci, gama Windows takan kwantar da kwamfuta in ba a taɓa ta ba na ɗan lokaci. A nuna mata sa'o'in ciniki, kada ta sake kunna kanta domin sabunta manhaja da tsakar rana. A haɗa ta da waya, ba da waifai ba; wayar tana kai mita 100, ta ishi kowane shago. A kuma ba ta lambar adireshi tsayayya. Rauta yana raba wa na'urori lambobi ne kamar yadda ake raba kujeru, wanda ya riga zuwa ya samu. In an ɗauke wuta an dawo, uwar garke tana iya samun wata lamba dabam, sauran kwamfutoci su je tsohon gida su tarar ba kowa. Masu QuickBooks sun san saƙon nan H202, wanda ma'anarsa kwamfutar ma'aikaci ta kasa kaiwa ga uwar garke. Sau da yawa ba abin da ya lalace, hanya ce kawai ta ɓace.

Ga masu niyyar sayen kwamfutar gwanjo domin wannan aiki, ga abin lura. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 kuwa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Wani zai ce ina ruwansa, ai tana aiki. To, a watan Mayu 2017 wata ƙwayar cuta mai suna WannaCry ta kama kwamfutoci a ƙasashe wajen 150, har da na asibitoci a Ingila. Tana kulle fayil ta ce sai an biya fansa. Ta ƙofar da Windows take raba fayil tsakanin kwamfutoci ta bi, wato ƙofar da shagonmu ya buɗe da hannunsa. Microsoft kuwa ya riga ya fitar da abin toshe ramin tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ba su sabunta ba su ta ci. Saboda haka a tambayi mai sayarwa ko injin yana ɗaukar Windows 11, kuma a canza masa faifan ajiya sabo, domin ba wanda ya san wahalar da tsohon ya sha. Ita ma manhajar lissafin, a sayi ta gaskiya mai lasisi. Wadda aka kwafo a kasuwa da araha, ranar da ta ƙi buɗuwa ba wanda za a kai wa kuka.

Yanzu mu zo ga kwafin ajiya. Kowane faifai zai mutu wata rana, na injin mai tsada da na mai araha. Masana sun daɗe suna ba da shawarar kwafi 3, a kan abin ajiya iri 2, ɗaya kuma a ajiye shi a wani wuri dabam. Wannan na ƙarshe shi ne muhimmi a gare mu. Mutanen Jos ba su manta da gobarar babbar kasuwar Taminus ta watan Fabrairu 2002 ba, na Kano kuma suna tune da ta kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016. Kaya in sun ƙone, mai ƙarfin hali yakan sake tashi. Amma in sunayen masu bashi sun ƙone tare da kayan, wa za ka bi? Kwafin da ke cikin uwar garke kanta ba ajiya ba ne. Wanda ke cikin filash ɗin da ke soke a jikinta dare da rana shi ma haka, gama wuta da ɓarawo da cuta duk tare za su tafi da su.

Ga hanya mai sauƙi. A sayi ƙananan faifai biyu na waje. Kowace yamma in an rufe ciniki, a sa manhajar ta yi kwafi da kanta ta hanyar da aka tanada a cikinta, ba a jawo fayil ɗin da hannu alhali wani yana ciki ba. A tafi da faifan gida, gobe a zo da ɗayan. Mai intanet mai ƙarfi ya ƙara da aika kwafi can. Kuma sau ɗaya a wata, a ɗauki kwafin a buɗe shi a wata kwamfuta, a duba ko cinikin jiya yana ciki. Da yawa sun shekara suna yin kwafi, ranar bukata suka tarar wofi ne.

Saura maganar mutane. Kowane ma'aikaci a ba shi sunansa da kalmar sirrinsa a cikin manhajar, a kuma ƙayyade abin da zai iya taɓawa. Yaron kanta ya sayar, amma kada ya iya goge rasit ko canza farashi. Ba rashin yarda ba ne. In kowa da mabuɗi ɗaya yake shiga, ranar da aka ga giɓi kowa abin zargi ne. In kowa da nasa, manhajar za ta nuna wanda ya rubuta abu da sa'ar da ya rubuta, mai gaskiya ya huta.

Sa'an nan ga abin da yakan faru a gidaje da yawa. Wani ɗan ƙane mai ƙoƙari shi ya haɗa kome, shi kaɗai ya san babbar kalmar sirri da lambar lasisi. Sai ya samu makaranta ko ya tafi bautar ƙasa, lambar wayarsa ta daina shiga. Ko kuwa maigida ne kaɗai ya sani, ya kwanta asibiti, uwargida tana tsaye gaban kwamfutar shagonta ba ta iya buɗewa. Tun kafin mai haɗawa ya bar shagon, a zauna da shi a rubuta a takarda: kalmar sirrin Windows, ta manhaja, ta rauta, lambar lasisi, lambar adireshin uwar garke, da matakan maido da kwafi ɗaya bayan ɗaya. Uwargida ta bi matakan nan da hannunta sau ɗaya yana kallo. A sa takardar a ambulan, a ajiye ta a gida tare da takardun fili da na haihuwar yara.

In shagon ya buɗe reshe a wata unguwa, ko maigida yana so ya duba ciniki daga tafiya, wannan wata magana ce dabam. Kada a bar kowa ya buɗe uwar garke ga intanet kai tsaye domin sauƙi, gama ta nan ɓarayin fayil suka fi shiga. Wannan za mu ɗauko a wata mai zuwa.