Ado Gidan Dabino da makomar marubucin fim a Kannywood

Matasan da ke bibiyar shirin Kwana Casa'in a wayoyinsu, daga Kazaure zuwa Babura, sun san Ado Ahmad Gidan Dabino ne a matsayin jarumi. Sai dai alƙalami ne ya fara fito da shi. Littafinsa In Da So Da Ƙauna ya shahara a farkon shekarun 1990, daga baya aka mayar da shi fim. Ya jagoranci ƙungiyar marubuta ta Raina Kama a Kano, ya rubuta wasannin kwaikwayo irin su Malam Zalimu, kuma a 2014 gwamnatin tarayya ta karrama shi da lambar MON.

Tarihinsa na tuna mana cewa daga littafi masana'antar ta samo tushe. A yau kuwa, fuskar jarumi ce ke sayar da shiri, yayin da sunan marubuci ke wucewa cikin ƙiftawar ido.

Lamarin ya shafi siyasa. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa zargin sakin su ba tare da tantancewa ba. Furodusan da ke tsoron asara zai guji labarin da ke taɓa masu mulki, marubucin da ba shi da kariya kuma dole ya bi. Ta haka ake rasa irin su Kwana Casa'in tun kafin a rubuta su.