Waken Samaru Da Haƙƙin Mai Saye

 

Jama'a masu karatu, tun daga Disamba 2019, lokacin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin waken da ake kira SAMPEA 20-T, ba a daina gardama a kansa ba. Bambancinsa da sauran wake shi ne masana sun ɗauko ƙwayar gado daga wata ƙwayar halitta da ke zaune cikin ƙasa, suka dasa ta cikin waken, ta yadda tsutsar da ke huda fure da kwanso in ta ci sai ta mutu. Masu binciken sun ce manomin da ya saba feshi sau shida zuwa takwas, yanzu biyu sun ishe shi. A Janairu 2024 kuma aka fitar da masarar TELA bisa irin wannan dabara.

To, tambayar da 'yan kasuwa da ma'aikata ke yi ita ce: ashe wannan ba shi ne canja halittar Allah ba, wanda aya ta 119 cikin Suratun Nisa'i ta ambata cikin abubuwan da Shaiɗan ya yi alkawarin umurtar mutane da su? Tambaya ce mai nauyi, ba kuwa za mu raina mai yin ta ba. Amma manyan masu tafsiri sun fassara ayar da abubuwa kamar ɓata surar dabba ko ta mutum, waɗansu kuma suka ce canja addinin Allah ake nufi. Gyaran shuka domin amfanin bayi bai shiga ciki ba.

Mutumin Dutse, garin dabino, inda ma akwai tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya, ya fi kowa saurin gane wannan. Ya san in ba a hau an ɗauko garin furen namiji an zuba wa mace ba, 'ya'yan ba za su yi kyau ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna wannan aiki, ya nuna kamar babu bukatarsa, suka bari, dabinon ya lalace a shekarar. Da aka gaya masa sai ya mayar musu da al'amarin, da yake sha'anin duniyarsu ne da suka fi sani. Lalle dasa ƙwayar gado ya zarce aurar da dabino nesa ba kusa ba, amma ƙa'idar ɗaya ce: aikin gona na masana ne, sharaɗin shari'a a kansa shi ne kada a cutar.

A kan haka ne Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka cikin 1998, ta halatta amfani da wannan ilmi wajen noma da kiwo, muddin an yi rigakafin cutar da mutum ko dabba ko muhalli. Sai dai akwai wani sashe na hukuncin da ba a cika karantawa ba, watau kiran da ta yi ga masu sarrafa abinci su bayyana abin da ke cikinsa, domin mai saye ya sayi abu da saninsa. Nan ne maganar ta faɗo kanmu.

Sunan irin yana jikin ledar kamfani ranar da manomi ya saye shi. Amma in kaka ta yi, buhu ya iso kasuwar Shuwarin, dillali ya haɗa na wannan da na wancan, mai awo ya zuba cikin mudu, wa zai rarrabe? Ma'aikacin da ya aiki yaro ya auno kwano biyu domin ƙosai da alala bai san abin da ya saya ba. Mu a ganinmu waken ba aibi ba ne, tun da hukumar da aka kafa a 2015 domin kula da irin waɗannan abubuwa ta bincika ta amince da shi a Janairu 2019. Amma malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo cikin Muhtasar na Shaihu Halilu, sun wajabta wa mai sayarwa ya bayyana abin da ya san mai saye zai ƙi. Saboda haka wanda aka tambaye shi, ya sani, ya ce waken gida ne, ya yi algus, ko da waken ya fi na gida kyau. Wanda kuma bai sani ba, ya ce bai sani ba, kada ya rantse.

Bayanin ya fi wajaba ga mai sayar da iri. Wake kansa yake aura, don haka manomi na iya ajiye irinsa ya shuka baɗi. Masarar TELA kuwa 'yar aure ce, wanda ya shuka 'ya'yanta zai ga amfani ya ragu, sai ya koma ga kamfani kowace shekara. Ɓoye wa talaka wannan har ya zubar da irin da ya gada, cin amana ne.

Wani abin mamaki, akwai ɗan kasuwar da zai yi ta ƙyamar waken Samaru da sunan tsoron Allah, alhali shi ne mai zazzaga maganin ƙwari cikin buhunan da ya ajiye yana jiran tsada. Saboda irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. Cutarwar wannan tabbatacciya ce, babu saɓani a kan haramcinta. Sabon irin kuma bai hana ƙwaron ajiya ba, tsutsar gona kaɗai yake kashewa. Ga buhu mai ninki uku, wanda ake kira PICS, yana kashe ƙwaro ta hanyar hana shi iska, ba tare da ɗigon magani ba.

Sauran maganarmu da ma'aikatan gona ce. Kanannado da ɗan'ila da ire-irensu, waɗanda kakanni suka zaɓa suka ajiye, suna ba da harawar da ake kiwon ragon layya da ita, kuma sun saba da ƙasarmu da ruwanmu. In kowa ya koma ga iri ɗaya, ranar da tsutsa ta saba da shi, ina za a koma? Cibiyar IITA da ke Ibadan tana ajiye da nau'in wake fiye da 15,000, amma Ibadan ta yi wa manomin Kiyawa da Birnin Kudu nisa. Muna kira ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da Ma'aikatar Gona ta Jihar Jigawa su tattara irin gargajiya na ƙauyukanmu, kowane da sunansa da garinsa, su riƙa shuka shi suna sabunta shi, ta yadda manomin da ya rasa nasa zai zo ya karɓi ko da mudu guda.