Zare: Wai me za ka ci da Tarihi?

1/ Yau a motar makaranta wani ɗan ajinmu ya tambayi wata ɗaliba me take karanta. Ta ce Tarihi. Ya ce, "Ayya, maki ne bai kai ba?" Mota ta kwashe da dariya. Ni ma na murmusa, kuma tun ɗazu kunyar kaina nake ji. Ku zo mu yi magana. 🧵

2/ Harhaɗa magunguna nake karanta, don haka kar wani ya ce gonata nake karewa. Abin da nake cewa shi ne: jami'ar da ke yaye ɗan kimiyyar da ya raina Tarihi, da ɗan Tarihin da ke tsoron lissafi, rabin aiki ta yi.

3/ Tun sakandare aka lalata mu. Yaro ɗan shekara 15 za a ce masa: kai mai ƙoƙari, ajin kimiyya, kai kuma je ka ɗaya ajin. JAMB ta zo ta ƙara kulle ƙofar. Kafin ka san kanka an riga an zaɓa maka abin da ba za ka taɓa sani ba.

4/ Ga misali daga fannina. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano. Maganin yana nan, kimiyyarsa ba ta da matsala. Mutane ne suka ƙi yarda, cutar ta bazu har wasu ƙasashe.

5/ Me ya sa? Cikin dalilan akwai 1996, lokacin annobar sanƙarau, da Pfizer ta gwada Trovan a kan yara a Kano, wasu suka mutu, wasu suka nakasa. Mutane ba su manta ba. Wanda bai san 1996 ba, a 2003 sai ya ce jahilci ne kawai.

6/ Ba a ɗakin gwaji kaɗai aka warware ta ba. Sai da sarakuna da malamai da mata masu shiga gida-gida suka sa baki, sannan a 2020 aka ce an rabu da cutar. Wannan ilimin sanin mutane ne, wanda muke yi wa dariya a mota.

7/ Ku ma 'yan ɗaya ɓangaren kar ku yi tafi. Ɗan jaridar da ba ya iya karanta kasafin kuɗi, lauyan da gwajin DNA ke rikita shi, ɗan siyasar da bai san yadda hauhawar farashi ke aiki ba: duk ciwo ɗaya ne.

8/ Za a ce ai akwai GST. Gaskiya ne. Sabuwar manhajar da NUC ta fitar a 2022 ta bar darussa irin su Falsafa, al'adun Najeriya da sasanta rikici. A takarda abin sha'awa.

9/ Amma a wajenmu fa? Ɗaruruwan ɗalibai a ɗaki ɗaya, lasifika ta mutu, rabi suna tsaye a taga. Ka haddace tambayoyin bara, ka je ka danna A, B, C a kwamfuta. Falsafa fa! Darasin da aka yi don gardama, ba a taɓa tambayar ra'ayina ba ko sau ɗaya.

10/ Abin takaicin, babbar jami'a ce. Farfesan Tarihi, masanin ƙasa, masanin harsuna, duk tafiyar minti 10 ce tsakaninsu. Ga kogi a ƙofar gida muna taimama.

11/ A Amurka sai ka gama digiri na farko kake shiga makarantar likitanci, kuma a jami'o'i da yawa sai wajen shekara ta biyu kake tsayar da fanninka. Jami'ar Kolombiya tun 1919 take da darasin da ɗalibai ke zama su karanta manyan littattafai su yi muhawara.

12/ Ban ce mu kwafo su ba, kuɗin makarantarsu ma ya ishe su kuka. Ba ma sai mun je can ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta tarihi, ya rubuta kan mulki, ya rubuta kan magani. Wa ya ce masa ya zaɓi aji ɗaya?

13/ "To aiki fa?" Haba jama'a. Injiniyoyi nawa kuka sani suna sana'ar POS? Takarda ba ta ba kowa tabbas. Wanda ya iya rubutu, ya iya lissafi, ya iya auna hujja, shi ke juyawa idan kasuwa ta juya.

14/ NUC ta bar wa kowace jami'a kashi 30 na manhaja ta tsara da kanta. To a yi amfani da shi: kowane ɗalibi ya ɗauki kwas na gaske a wata tsangaya, a raba GST ƙananan azuzuwa, manyan malamai su shigo, a dawo da rubutu a jarrabawa.

15/ 'Yar'uwa mai karanta Tarihi, in zaren nan ya iso gare ki, ki yafe mana. Zangon gobe in sha Allahu zan riƙa zama a lakcarku ko ba maki. 'Yan ajinmu, wa zai biyo ni?