Kin Kashe Talabijin, Amma Wasan Bai Ƙare Ba



Kwanakin baya wata maƙwabciyata ta kawo min kukanta. Ɗanta mai shekara 13 kullum sai an yi ta fama kafin ya tashi sallar asuba, malamai kuma na ƙorafin yana gyangyaɗi a aji. Ita kuwa da ƙarfe tara take kashe talabijin, ta shige da rimot ɗakinta. Ashe yaron yana cikin bargo da tsohuwar wayar babansa, yana buga ƙwallonsa ta PlayStation ɗin da ke falo.

Ga yadda abin yake. Kamfanin Sony yana da manhaja kyauta mai suna PS Remote Play, wadda ke aiki da PS4 da PS5, haka Xbox ma yana da irin wannan tsarin. Wasan yana gudana ne a cikin na'urar da ke falo, sai ta riƙa turo hoto da sauti zuwa waya ko tablet ta intanet, wayar kuma ta mayar mata da duk abin da yaro ya danna. Ba ruwan talabijin a wannan harka. Ko na'urar tana yanayin barci, ana iya tada ta daga waya, matuƙar an ba ta wannan damar a saiti.

Abin yana da amfaninsa. Ranar da maigida ke son kallon labarai, yaro zai iya komawa gefe da waya, a huta da rigimar talabijin. Amma yana cin barcin yaro, yana kuma cin aljihunki. Sony ya ce ana buƙatar intanet mai gudun aƙalla megabit 5 a daƙiƙa, ya fi son 15. Idan wasan ya ja megabit 5 ɗin nan, awa ɗaya ta haura gigabait 2. To idan datar wayarki ce, kin ga inda take zurarewa.

Me za ki yi?

Da farko, ki leƙa falo da dare. Fitilar PS5 ruwan lemo ce idan tana barci, fara ce idan tana aiki. Kin ga fara alhali talabijin a kashe, ki bincika.

Na biyu, ki sa a kashe na'urar gaba ɗaya da dare maimakon barinta tana barci. A cikin saitinta kuma akwai wurin rufe Remote Play ɗin kwata-kwata.

Na uku, ki buɗe wa yaro asusunsa na yara a ƙarƙashin naki ko na babansa. A nan ne za ki ƙayyade awannin wasa a rana da lokacin da zai tsaya, ki sa lambar sirri da bai sani ba. Idan da asusun yayansa yake shiga, duk wannan aikin banza ne. Ki kuma duba lambar shekaru a jikin kwalin wasa: tsarin PEGI na Turai yana sa 3, 7, 12, 16 ko 18.

Na huɗu, waya ta kwana a ɗakinki tana caji.

Sai dai kada ki yi masa kwanton ɓauna. Ki zaunar da shi, ki nuna masa kin san yadda abin ke aiki, ku yanke lokacin wasa tare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da aka yi shawara da shi ya fi riƙe alkawari.

Ke ya kike yi da naki? Ki faɗa mana a ƙasa, wata uwar za ta ƙaru. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.