Masu hoto na Sakkwato, ku daina tauye mana mudu

Jama'a, akwai wata asara da muke tafkawa a garin nan kusan kowane ƙarshen mako, kuma ba mu cika lura da ita ba sai ranar da babu gyara. Mutum zai ɗauko mai hoto don ɗaurin aure, ko suna, ko walimar saukar karatu, ya biya shi kuɗi masu kauri. Mai hoton ya zo da kyamara ta gani ta faɗa, ya wuni yana ɗauka. Bayan kwana biyu sai ya kwararo hotuna ɗari uku ta WhatsApp, a kalla a waya a ce ma sha Allah, sun fita tas. Shi ke nan ciniki ya ƙare. Abin da mai bikin bai sani ba shi ne, ko kashi ɗaya cikin goma na abin da kyamarar ta ɗauka bai iso hannunsa ba.

Ga lissafin, kowa ya duba da kansa. Hoton kwamfuta ɗigo-ɗigo ne ƙanana da ake kira fiksel. Kyamara mai megafiksel 24, irin wadda ta yi yawa a hannun masu sana'ar yanzu, tana fitar da hoto mai ɗigo 6000 a tsawo da 4000 a faɗi. Idan za a wanke hoto a takarda ya fita garau a hannu, ma'aunin da masu ɗab'i suka saba da shi shi ne ɗigo 300 a kowane inci. Ke nan wannan hoton zai kai inci 20 ba tare da ya baje ba. To amma idan aka tura shi ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar na matse shi ya dawo wajen ɗigo 1600 a tsawo. Raba 1600 da 300, inci biyar da 'yan kai ke nan. Ko ɗan hoton albam mai inci 4 da 6, wanda ke bukatar ɗigo 1200 da 1800, bai cika ba. Tun watan Agusta na 2023 WhatsApp suka sa maɓallin HD, ya ɗan rage ɓarnar, amma shi ma yana matsewa. Hanyar da ke kai hoto yadda yake ita ce a tura shi a matsayin dokumen, kuma ta nan ana iya tura fayil har mai nauyin gigabait 2.

A fuskar waya ba za ka ga bambanci ba, shi ya sa ba a rigima. Bambancin na fitowa ne ranar da aka yi rasuwa. Duk wanda ya taɓa neman hoton mahaifinsa bayan ya rasu ya san abin da nake nufi. Dattawanmu da yawa ba sa zama a ɗauke su su kaɗai. Sai dai a same su a hoton taro, a sahun gaba wurin ɗaurin aure, cikin mutum ashirin. Sai a ce wa yaron shagon kwamfuta ya yanko fuskar Baba a faɗaɗa a sa a firem. Idan fuskar ta ci kashi ɗaya cikin ashirin na tsawon hoton, a hoton asali ɗigo 300 ce, ana iya yin wani abu da ita. A wanda ya biyo ta WhatsApp kuwa ɗigo 80 ce kacal. Faɗaɗa wannan, sai ka ga rawani da gemu da wani duhu-duhu a tsakani. Yanzu kuma an samu manhajojin da ke cewa suna gyara hoton da ya dushe. Abin da suke yi shi ne su ƙirƙiro ido da hanci daga hasashe, sai a rataye wani mutum daban a falo ana ce wa jikoki ga kakanku.

Laifin ba na WhatsApp kaɗai ba ne, tun a kan kwamfutar mai hoton ake fara zubar da abin. Yanke gefen hoto ba laifi ba ne, dole ne ma wani lokaci. Kyamara na ɗauka a siffar 3 da 2, firem mai inci 8 da 10 kuwa siffarsa 4 da 5 ce, sai an datse gefe kafin ya shiga. Matsalar ita ce a datse sannan a adana a kan na asalin. A Photoshop akwai zaɓin da ke goge ɓangaren da aka yanke gaba ɗaya, akwai kuma inda idan ka cika tsawo da faɗi da yawan ɗigo a wurin yankan, zai sake ƙera hoton ya rage shi zuwa wannan awon. Mai shagon da ya saba yanka hoton fasfo ya bar awon jiya a wurin, yau ya yanka hoton amarya da shi. Lightroom ya fi rangwame ta nan domin ba ya taɓa fayil na asali, amma shi ma a wurin fitarwa ake yin ɓarnar. Ana zaɓar hotuna ɗari huɗu a danna sau ɗaya, duk su fita da awo guda. Idan awon na Facebook ne, duk ɗari huɗun sun zama na Facebook. Sannan shi JPEG, duk lokacin da aka buɗe shi aka gyara aka sake adanawa, yana zubar da wani abu. Daga kyamara zuwa kwamfuta, zuwa wayar mai hoto, zuwa wayar ango, zuwa zauren 'yan uwa, wani kuma ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya tura gaba. Kafin ya isa hannun goggo a Gwadabawa ya zama tsumma.

Wani abin dariya, za ka ji ana gardama a shago wai hoton 72 ne a mayar da shi 300 zai yi kyau. Sauya wannan lambar ba ta ƙara wa hoto komai. Ka danna bayanan fayil ɗin ka ga ɗigo nawa ne a tsawo da faɗi, nan gaskiyar take.

Na san amsar masu hoto, kuma ba duka ce ta banza ba. Za su ce, "Alhaji, mi kake so mu yi? Data ta yi tsada, wuta babu, ku kuma kuna ta kira a turo a turo." Gaskiya ne. Hotuna ɗari uku masu cikakken nauyi na iya kai gigabait 3, wa zai biya kuɗin ɗora su? Kuma mu masu biki mu ne ke matsawa a turo kafin a watse don mu riga kowa sakawa a shafi. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa a fili ba: idan ya ba ka na asali, za ka kai wani wuri a wanke maka, ya rasa cinikin albam da firem. Wannan ma na fahimta, sana'a ce. Amma a faɗa tun wurin ciniki. A ce kuɗi kaza na ƙananan hotuna ne na waya, kuɗi kaza kuma har da na asali a filashi. Wanda ya zaɓi na arha ya san abin da ya saya. A karɓi kuɗin cikakken aiki a miƙa ragagge ba tare da bayani ba, wannan ba shi da maraba da mai awon gero da ya ƙwanƙwasa gindin mudu. Kuma mafi muni, bayan mako guda an goge memorin kyamarar don bikin Asabar mai zuwa. Ka koma neman na asali a ce maka ai babu.

Ofisoshinmu na gwamnati ma ba su tsira ba, kuma nan abin ya fi ba ni takaici. A yi taro, a ƙaddamar da aiki, a biya mai hoto daga baitulmali, amma abin da zai rage a ma'aikata shi ne abin da ke wayar jami'in yaɗa labarai. Ranar da aka sauya masa wurin aiki ko wayar ta faɗa ruwa, tarihin ya tafi. In an zo buga kalanda ko mujallar cikar shekara, a bi zaurukan WhatsApp ana tsinto hotuna. Allon talla na bakin titi yana jure ƙarancin ɗigo tun da daga nesa ake kallonsa, amma kalanda a bangon ofis ba ta ɓoye komai. Ku dubi hotunan Sarkin Musulmi Abubakar na III, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, ko na Sardauna Ahmadu Bello da aka kashe a 1966. Da fim aka ɗauke su, baƙi da fari, amma har yau waɗanda aka adana da kyau ana faɗaɗa su a ga zaren rawani. Muna da gidan adana tarihi na Waziri Junaidu a cikin garin nan. Nan da shekara hamsin, me za mu kai can daga zamaninmu, mu da muka fi kowane zamani yawan kyamarori?

A ganina duk takardar ba da aikin ɗaukar hoto a ma'aikata ya kamata ta ƙunshi layi ɗaya: a kawo hotunan asali a filashi kafin a biya cikon kuɗi. Mai biki ma haka. Ka sayi filashinka ka miƙa wa mai hoto tun ranar ciniki, ka ce jaka biyu kake so a ciki, ɗaya ta asali wadda ba a yanke ba kuma ba a rage ba, ɗaya ta ƙanana don turawa. Aikin minti kaɗan ne a wurinsa, fitarwa ce sau biyu da awo biyu. In ya kawo, kafin ka sallame shi ka buɗe hoto ɗaya a kwamfuta ka duba lambar. Ka ga 1600 ko 1280, ba na asali ba ne. Sannan ka kwafe su wuri na biyu, domin zafin Sakkwato da ƙurar hunturu ba sa barin filashi ya yi tsawon rai a aljihun mota.

Akwai masu hoto da dama cikin abokaina a nan. Ku faɗa mana tsakani da Allah, nawa za ku ƙara a kan farashi in mutum ya ce da na asali yake so, kuma wata nawa kuke ajiye aikin mutane kafin ku goge?