Tsimin da ke kashe injin jirgin ruwa a tsakiyar kogi

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, direbobin jiragen ruwa daga Yauri zuwa gaɓar tafkin Kainji suke neman inda za su rage kashe kuɗi. Fetur dai ba ya raguwa, domin nisan tafiya bai canza ba. Sai ido ya koma kan 'yar robar man da ake gauraya wa fetur. Wani ya rage awo, wani ya koma zuba baƙin man mota, wani ma har wanda aka juye daga inji. A duk hanyoyin tsimi, wannan ce mafi tsada.

Yawancin injinan da ake maƙalawa a bayan kwalekwale, irin su Yamaha Enduro, masu bugu biyu ne. Ba su da ma'ajiyar baƙin mai kamar mota. Man da aka gauraya cikin fetur shi kaɗai ne ke shafe fistin da ringi da boris, sannan ya ƙone tare da fetur ɗin ya fita. Duk mai ƙaramin janareta da ake zuba wa mai a tanki ya san wannan tsari. Idan man ya yi kaɗan, ƙarfe ne ke gogar ƙarfe, zafi ya taru, fistin ya kama. Kuma ba a bakin gaɓa yake kamawa ba, sai inji ya ɗauki zafi, jirgi cike da mata da yara da buhunan hatsi ranar kasuwa. Jirgin da injinsa ya mutu ba ya jin juyi. Iska da igiyar ruwa ne ke kai shi inda suka ga dama, a tafkin da har yanzu akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye bayan gina madatsar Kainji a 1968.

Lissafin bai da wuya. Awon da aka fi rubuta wa irin waɗannan injina shi ne 50:1, wato mililita 20 na mai a kowace lita ta fetur. Jarka mai lita 25 rabin lita take ci, mai lita 20 kuma mililita 400. Sabon inji, ko wanda aka yi wa garambawul, akan ninka masa zuwa 25:1 a sa'o'i goma na farko. Wasu injinan awonsu daban ne, don haka abin da kamfani ya rubuta a littafin inji shi ne hukunci, ba maganar “haka maigidana yake yi” ba.

Masu zubawa da yawa don a zauna lafiya su ma ba su tsira ba. Mai ya yi yawa, sai hayaƙi, fulogi ya riƙa jiƙewa, baƙin dauɗa ta toshe ringi, inji ya ƙi tashi a lokacin da ake buƙatarsa. Sai dai a faɗi gaskiya: sauya fulogi ya fi sauƙi a kan sauya fistin.

Irin man ma abin dubawa ne. Injin jirgi da ruwan kogi yake hucewa, bai kai injin babur zafi ba, shi ya sa aka yi masa mai na musamman da ba ya barin toka. Alamarsa a jikin roba ita ce TC-W3. Man 2T na babur ba shi ba ne, balle man mota da ba a yi shi don ƙonewa ba tun asali.

Za a ce mai TC-W3 ba ko'ina ake samunsa a ƙauyukan bakin ruwa ba, kuma jabu ya cika kasuwa. Haka ne. Amma wannan aiki ne da ƙungiyoyin direbobin jirgi da sarakunan ruwa za su iya yi ba tare da jiran Abuja ba: a haɗa kuɗi a saro katan daga dillali amintacce, a ajiye kofin awo mai lamba a kowace tasha, a daina awo da ido ko da gwangwanin madara. A fara zuba man a jarka da ɗan fetur, a girgiza, sannan a cike. Fetur ɗin 'yan bumburutu kuwa a bar shi ya kwanta a roba mai haske kafin a gauraya, domin idan da ruwa a ciki, a ƙasa zai taru a gan shi.